Abin da Baba Tsoho Ya Binne a Hanyar Rafi

Kwanakin baya na je barka gidan wata ƙawata, aka kawo mini ruwan randa a kofin silba. Ina kai shi baki sai na ji ƙanshin jema. In ba ka san jema ba, mai karatu, wata doguwar ciyawa ce da ake saƙa faifai da ita, saiwarta kuma mata kan wanke su jefa a randa don ruwa ya yi ƙanshi. Kowa na son wannan ƙanshi ban da ni. Na kurɓa sau ɗaya don kada a ce na raina, na ajiye kofin. Ƙawar tawa ta dube ni ta ce ko na ga wani abu ne a ciki. Na ce mata a'a, amma ƙarya na yi. Kakana na gani, yana tsaye a gangare da hannuwansa a baya, jama'a na tone aikinsa a gaban idonsa.

Gidanmu na da yana can bakin Lafiya, ta wajen da ake fita zuwa Ashige, inda a lokacin gari ke ƙarewa gonaki su fara. Unguwa ce ta gauraye. Ga mu da kakanninmu suka zo daga gabas tun zamanin da ba mai tunawa, ga Alago, ga Eggon, ga Tibi, kowa da yarensa a cikin gida, in an fito waje kuma sai Hausa. Bayan gidajen akwai gangare mai jar ƙasa, a ƙasan gangaren akwai kurmi, a cikin kurmin kuma rafi. Daga rafin nan muke sha, a nan muke wanki, ta nan ne manoma ke tsallakawa zuwa gonakin doya. Hanya ɗaya tak ke sauka can, kuma kakana na wajen uba, wanda duk unguwa ke kira Baba Tsoho, shi ke kula da ita. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ke biyan sa.

Daga bayan katangarmu kana hango kawunan bishiyoyin kurmin, har ka jiyo muryar mata masu wanki. Amma hanyar ba ta yarda ta kai ka kai tsaye ba. Sai ta yi dama ta zagaye wata ɗorawa, ta dawo hagu, ta bi gindin wata ƙatuwar ɗinya, ta sake juyawa kamar wadda ta manta abu a gida. Sau biyar take lanƙwasa kafin ƙafarka ta taɓa ruwa. A kowace lanƙwasa kuma akwai gungumen itace kwance a karkace, rabinsa a binne, sai ka ɗaga ƙafa ka tsallake. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin, sawu uku nake yi kullum da daro a ka, kuma ba gungumen da bai taɓa zubo mini ruwa a baya ba. Na tsani hanyar nan, na tsani gumaguman, wani lokaci har da mai ajiye su.

Da ruwan farko ya sauka ƙasa ta tashi da ƙanshi, sai mu ji ƙarar adda a kan dutse a bayan ɗakinsa. Wannan ƙara ita ce kalandarmu ta damina. Yakan sauka bayan sallar asuba, ya sassabe gefen hanya daidai yadda mutum biyu za su gifta juna, ba ƙari. Ba ya tuge ciyawa, kanta kawai yake yankewa ya bar saiwar a ƙasa. A bakin kowane gungume yakan buɗe wata 'yar magudana da fartanya, ta yadda ruwan da ya biyo hanya zai bugi itacen ya kauce cikin ciyawa. Idan ana sheƙa ruwa kowa ya fake, shi sai ya kifa buhu a ka ya fita ya tsaya yana kallon inda ruwa ke bi. Da kaka ta wuce kuma sai ya share fili kewaye da kurmin don kada wutar masu farautar gafiya ta shiga. Macen da ya kama tana sarar ice a gangaren kuwa, ta shiga uku, don har ƙofar gidan mijinta zai raka ta da faɗa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce mutum ne mai daɗin sha'ani ba. Ba ya bayani. In ka tambaye shi dalilin abu, sai ya dube ka kamar ka tambaye shi me ya sa ake cin tuwo da baki. Ni kaɗai yake sakar wa fuska, irin wasan kaka da jika. Amarya yake kira na. In na dawo daga rafi a jiƙe ina ƙunƙuni, sai ya ce, "Amarya, yau ma rabin ruwan nawa kika yi wanka da shi?" Ni kuma in ce ya nemi wata, ni na fi ƙarfin tsoho mai karkatacciyar hanya.

Shekaru kaɗan kafin nan aka mayar da Lafiya babban birnin jiha, garin kuwa ya canza hali. Ma'aikata suka cika shi, fili ya yi daraja, masu awo suka fara yawo da igiya da fenti. Sai mutum ya wayi gari ya tarar da turken siminti a tsakiyar gonar rogonsa, in ya bi diddigi ya ji ɗan'uwansa ne ya sayar tun bara. Daga nan kowa ya koma sa ido a kan kowa. In ka ga maƙwabcinka na gaisawa da baƙo mai takalmi sau ciki, sai ka fara ƙirga bishiyoyinka. A irin wannan yanayi, tsohon da ke wahala a kan hanyar jama'a ba tare da an ba shi ko goro ba dole a tambayi abin da yake nema. Inna, mahaifiyata, takan ce ita ba ta taɓa ganin mai sharar ƙofar wani don Allah kawai ba. Ni kuwa a wajenta na gaji ido da kunne, da saurin haɗa ɗaya da biyu su ba ni goma.

Ana cikin haka sai ga wani mutumin gandun daji ya fara zuwa. Ɗan Eggon ne, dogo, da kaki wanda ya koɗe da tsohon babur, da wani ɗan littafi a aljihun gaba. Ranar farko ya gan ni a ƙofa ya ce, "Baba, wannan jikanka ne? Kai yarinya, zo ka gaishe ni." Na gaishe shi, amma idona na kan littafin. Suka sauka hanyar rafi tare, Baba Tsoho na nuna masa gungume da magudana, shi kuma yana auna taku yana rubutawa. Matan da ke wanki duk suka daina bugu. Wata 'yar Tibi da aka cinye wa mijinta gona ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Haka ya fara a wurin mu. Littafi ne ya zo farko, bayan shi siminti."

A zuwansa na uku ya ɗauro wani buhu a bayan babur. Gindin buhun a jiƙe yake, bakinsa a ɗaure tamau. Baba Tsoho, wanda ko butarsa ni ke ɗaukar masa, ranar da kansa ya sunkuci buhun ya kai ɗaki, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Da na tambaye shi mene ne, sai ya ce, "Kayan lefenki ne, ba a gani sai ranar." Na yi dariya, amma dariyar ba ta wuce leɓe ba.

Washegari da sassafe na ga ya fita da buhun da fartanya, ba adda. Na ɗauki darona na bi shi a nesa. A lanƙwasa ta uku ya sauka daga kan hanya zuwa ɓangaren gangare, ni kuma na maƙale a bayan ɗinya. Na ga ya durƙusa yana haƙa ƙananan ramuka a jere, yana zaro wani abu daga buhun yana sawa, ya mayar da ƙasa ya danna da dunduniya, sannan ya watsa busasshen ganye a kai yadda ba mai cewa an taɓa wurin. Can sai ya ɗaga kai ya waiga, ya jima, ya ci gaba. Ya sake waigawa. Wannan waigen shi ya gama da ni, don a sanina mai gaskiya ba ya waige.

Ban ko ɗebi ruwa ba na koma gida. Inna na tankaɗe na tsuguna kusa da ita na ce, "Inna, na ga wani abu." Kafin azahar labarin ya kai rafi, kafin la'asar ya dawo mini da kayan da ban saka masa ba. Wasu suka ce turakun siminti ne ya binne, ya sayar wa gwamnati kurmin har da rafin. Wasu suka ce layu ne, don a ɗaure bakin unguwa har a gama cinikin. Wata ma ta rantse an ga kan baƙar akuya. Na ji duk wannan da kunnena ban gyara ko ɗaya ba, kuma zan faɗa maka dalili ko da ba ya yi mini daɗi: ranar manyan mata suka riƙa ɗora mini daro a ka suna cewa yarinya mai wayo, ni kuwa kaina ya kumbura.

Baffa, ƙanen mahaifina, shi ya fi kowa ɗaukar zafi. Mahaifina direba ne, ba ya zama gari, don haka Baffa ne babba a gida bayan tsohon. Acaɓa yake yi, shi ne kuma shugaban matasan unguwa, kuma sun daɗe suna son a miƙe hanyar don babur ya riƙa sauka ya ɗauko jarkoki da doya. Ga kuma tsoron kada a sayar da gangaren da yake ganin gadonsu ne ba da saninsa ba. Ya sami Baba Tsoho a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, ya durƙusa, amma muryarsa ba ta durƙusa ba.

"Baba, mutane na magana."

"Da ma aikinsu ke nan."

"Me ka binne a gangare?"

Baba Tsoho ya ajiye ƙotar ya ce, "Wa ya ce maka na binne abu?"

Baffa ya juyo ya dube ni a bakin ƙofa. Tsohon ma ya juyo. Sannan ya ɗauki ƙotarsa ya ci gaba da fiƙa.

Bayan kwana biyu aka taru a ƙofar mai unguwa bayan la'asar, a gindin mangwaro. An aika a kira mutumin gandun daji aka ce an tura shi aiki wajen Keana, nan take aka ce ka ji, ya gudu. Mai unguwa ya sa aka kawo ni tsakiyar tabarma ya ce, "'Yata, kada ki ji tsoro. Abin da idonki ya gani kawai za ki faɗa." Na faɗi buhun, na faɗi ramukan, na faɗi ganyen. Wani daga baya ya ce a tambaye ni ko ya waiga. Na ce ya waiga, har sau biyu. Wurin ya ɗauki guna-guni.

Da aka ba Baba Tsoho dama, magana biyu ya yi. Ya ce, "Abin da na sa a ƙasa, don ƙasar na sa shi. Ku bar shi wata uku, za ku gan shi da idonku." Wani ya ce wata uku, ai kafin nan takarda ta fito an gama da mu. Sai tsohon ya juya wajen Baffa da abokansa ya ce, "Hanyar kuma, in kun miƙe ta, ruwa zai riga ku bin ta." Matasa suka kwashe da dariya. Mai unguwa ya ce don hankalin kowa ya kwanta, a je a tone a gani.

Har yau ina iya lissafa waɗanda suka riƙe fartanya a ranar. Aka share ganyen, aka sara, sai ga wasu guntayen ciyawa an datse kansu, da saiwa fara-fara kamar gemu. Wata tsohuwa ta ɗauki ɗaya ta sunsuna ta ce, "Jema ce!" Aka yi dariya, ni ma na ji wani sanyi, na ɗauka magana ta ƙare. Sai wata ƙawar Inna ta ce, "Wa ke ɓoye jema? Rufa ido ne, abin yana ƙarƙashi." Aka ci gaba da haƙa, aka bi layin ana tugewa ana zurfafawa har gwiwa. Ba siminti, ba laya, ba kan akuya. Da ba a sami komai ba sai aka ce ya kwashe da ya ji ana magana.

A nan ne kaɗai na taɓa jin Baba Tsoho ya yi bayani, shi ma a ƙurarren lokaci. Ya ce ƙasar wurin ta fara tsagewa tun bara, mutumin gandun daji ya samo masa jema don saiwarta na shiga ƙasa ta riƙe ta. Ya ce, "Da na faɗa, da tun ba ta kama ba kun tone ta kun kai randa." Yana wannan magana, mata na tsince ta suna ƙullewa a bakin zane. Ba wanda ya saurare shi. A makon nan ba randar da ba ta ƙanshin jema a unguwarmu, har da tamu, kuma da ruwan Baba Tsoho ya yi alwala, shi ya sha.

Ranar Asabar aka yi gayya. Aka ja igiya daga bayan katangarmu zuwa bakin rafi, aka sare duk abin da ya tare ta, aka tuge ciyawa da saiwarta don hanya ta yi fes. Gumaguman nan da na tsana aka ciro su aka faskara. An yi kiɗa, an sha kunu, ni har rawa na taka. Kuma gaskiya hanyar ta yi kyau, jawur, santal, kana tsaye a sama kana ganin ruwa. Sawuna uku na gama su kafin rana ta yi zafi. Babura suka riƙa sauka suna hawa, tayarsu ta yi wani ɗan layi a tsakiya wanda ba wanda ya kula da shi. Wata biyu cur Baba Tsoho ya zama abin dariya. Ya rataye addarsa a bango, bai sake sauka gangaren ba. Ni kuma ya daina ce mini Amarya. In yana son ruwa sai ya ce, "Ke, kawo buta." Bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

A tsakiyar damina aka yi wani ruwa tun hantsi har la'asar. Duk ruwan da ya zubo daga kwanon gidajen unguwa, tsofaffi da sababbi, ya taru a bayan katangarmu, ya tarar an share masa hanya har rafi. Muna ɗaki muna jin rurinsa kamar babbar mota na hawa tudu. Da aka ɗauke muka fita, ɗan layin tayar nan ya zama rami har gwiwa. Baffa da mutanensa suka cika shi da buhunan yashi da shara, ruwa na gaba ya kwashe su ya ƙara da nasa. Kafin kaka ramin ya fi tsayin mutum, saiwoyin ɗinya na reto a iska. Gurbin da muke ɗibar ruwa ya cike da jan yashi. Shekara ta zagayo ɗinyar ta faɗi. A ta uku kwazazzabon ya cinye katangarmu ta baya, ya tsaga bangon ɗakin Baba Tsoho, dole aka mayar da shi zaure.

Ni a wautata na ɗauka yanzu za a zo a durƙusa a ba shi haƙuri. Kullum ina duban ƙofa. Abin da ya zo daban ne. Aka ce ai shi ya faɗa da bakinsa a gaban mai unguwa cewa ruwa zai bi ta, to baki ya yi wa hanyar. Wasu suka ce abin da ya binne ne ke cin ƙasa, tunda ba a same shi ba. Mutumin gandun daji ya dawo sau ɗaya, ya tsaya a bakin ramin ya cire hula ya ce, "Baba, ƙasan ya tafi," aka ce ya zo duba aikinsu ne shi da tsohon. Masu gaishe da Baba Tsoho suka ragu, yara suka riƙa ratsewa in sun hango shi, a masallaci ma akan bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Kuma duk wanda aka ce masa ina shaida, amsarsa ɗaya ce: jikarsa ce da kanta ta gani. Na ji wannan magana a kasuwa, na ji ta a makaranta, na ji ta daga bakin mutanen da ba su san ni ce jikar ba. Na yi ta cewa jema ce, wallahi jema ce, amma wancan labarin ya riga ya yi ƙafa, nawa na biyu ba mai so.

Ina da shekara goma sha huɗu ciwo ya kwantar da shi. Wata safiya na kai masa koko a zaure, na ajiye, na kasa tashi. Na ce, "Baba Tsoho, ka yafe mini."

Ya ce, "Me kika yi?"

"Ni na faɗa."

"Ƙarya kika yi?"

Na ce a'a.

"To. Kin ga ina haƙa, na haƙa. Kin ga ina rufewa, na rufe. Kin ga na waiga, na waiga." Ya ja numfashi, sannan ya ce, "Taku goma ne tsakanina da ɗinyar nan. Tun da kika tsaya nake ganin bakin daronki yana ƙyalli. Ke nake waige. Jira nake ki fito ki ce, Baba Tsoho me kake yi, in ba ki ɗaya ki dasa."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Shekara uku ina ɗauke da waigen nan a matsayin shaida a kansa, ashe kira na yake yi. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya miƙo hannu ya ce, "Miƙo kokon, Amarya, kada ya huce." Bai ga daminar da ta biyo ba. Mutanen da suka raka shi ba su kai yadda ya kamata a raka mutumin da ya yi shekara da shekaru yana share wa unguwa hanya ba, kuma wannan ciwon har gobe yana raina.

Akwai abu ɗaya da masu tonon suka bari. A can ƙarshen layin, kusa da wata ƙaya, saura 'yan guntaye uku ko huɗu da fartanya ba ta kai gare su ba. Suka kama, suka yi tushe, suka haɗe. Kwazazzabon ya ci dama ya ci hagu, amma wannan ɗan harshen ƙasa yana nan tsaye har yau, kuma ta nan ne masu tsallakawa gona ke sauka, suna riƙe ciyawar da hannu don kada su zame. Ban taɓa jin wani ya tambayi wanda ya dasa ta ba.

Yanzu unguwar ta shige tsakiyar gari. Kurmin ya zama gidaje, rafin ya zama magudanar ledoji, ruwa kuma sai na burtsatse da 'yan garuwa. Baffa ya tsufa, kuma in aka ambaci hanyar rafi sai ya tuna yana da wani uzuri a waje. Ni ina aure a wata sabuwar unguwa, ita ma a kan gangare, kuma bara na ga ƙasa ta fara tsagewa a bayan katangarmu. Da ruwan farko ya sauka bana na je tsohon wurin na tsago jema cikin buhu, na toshe hanci da mayafi, na kawo.

Ina durƙushe da safe ina haƙa ramuka a jere, sai na hango bakin wani bokiti yana ƙyalli a bayan tulin bulon maƙwabta. 'Yar gidan ce, ba za ta wuce shekara goma ba, ta maƙale tana leƙe. Halin nan nawa bai mutu ba, don abin da ya fara zo mini shi ne wa ya aiko ta. Na kuma san abin da uwarta za ta ji kafin azahar. Na waiga sau ɗaya, sai na ajiye fartanya, ban jira ta ba.

Na ce, "Ke, fito, na gan ki. Zo ki riƙe mini wannan."

Ta fito tana jan ƙafa, ta karɓa tana jujjuyawa ta ce, "Mama, mene ne?"

Na ce mata jema ce, na gaya mata abin da saiwar ke yi a cikin ƙasa, na nuna mata yadda ake dannawa da dunduniya. Ta dasa uku da hannunta. Da za ta tafi na ba ta ɗaya na ce ta kai wa uwarta ta gani.